Allurar da Ba Ta Rawa

Ranar Litinin Baba ya faɗi a tsakar gida yana ɗaure igiyar takalminsa. Bai ji wani ciwo ba sai ƙujewa a goshi. Da ya farfaɗo ya ce santsi ne ya kwashe shi. Ƙasar a bushe take.

A asibiti likita ya kama wuyan hannunsa, ya dubi agogo, ya daɗe yana kallo. Ya ce zuciyar tana jan ƙafa, bugu talatin da huɗu a minti, alhali ya kamata ta kai sittin ko ta wuce. Ɗayan biyu ne, in ji shi. Ko maganin hawan jinin da Baba ke sha ne ya yi mata nauyi, ko kuma hanyar da saƙo ke bi a cikin zuciyar ce ta tsufa. In na farko ne, a daina maganin, cikin kwana biyu za ta dawo daidai. In na biyu ne, sai asibitin zuciya da ke wancan gefen gari, a dasa masa ɗan inji mai batir a ƙarƙashin fata. A gabanmu ya buga musu waya. Gado ɗaya ya rage musu. Suka ce za su riƙe mana shi har ranar Alhamis da ƙarfe sha biyun rana. In lokacin ya wuce akwai mutane a layi, sai dai wata mai zuwa ko na bayansa.

Aka kwantar da Baba a ɗakin maza, gado na bakwai, jikin taga. Gado ashirin da shida ne a ɗakin, nas biyu. Ɗayarsu, wata doguwa mai tafiya kamar ana binta, ta gunguro na'urar awo. Tsohuwa ce na'urar. An ɗaure gefenta da filasta, gilashin ya tsage a kusurwa. Nas ta liƙa wayoyi uku a ƙirjin Baba, ta maƙala masa ɗan matsi a yatsa irin na shanya, ta ɗaura masa ɗamarar awon jini a damtse. Tana kunna ta, na'urar ta fara kuka. Lambar ja wur, kuma ba ta zama wuri ɗaya: talatin da huɗu, talatin da biyu, talatin da shida. Nas ta danna wani maɓalli, na'urar ta yi shiru na minti biyu, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya.

Mutumin gado na shida, wani direba mai hawan jini, ya tambaye mu ko abar tana da uwa a kusa, a kira ta ta goya ta.

Mu uku iyayenmu suka haifa. Yaya ne babba, ni ce ta tsakiya, Auta tana aure a wani gari mai nisa, sai dai waya. Ina koyar da lissafi a sakandare, shi ya sa kowa a gida yake ce mini Malama, har Umma. Yaya kuwa tun da ya fara sa kwat bai sake tsayawa a layi ba. A kowane ofis yana da wani, kuma ba ya bari a manta.

Da la'asar ya iso. Ya gaida Baba, ya gaida Umma, sannan ya tsaya gaban na'urar hannu a aljihu. Ya ce wannan gwangwani ce, ba a ajiye ta kusa da akuya ba, balle mutum mai ciwon zuciya. Ta yaya mara lafiya zai huta ana yi masa jiniya a kunne? Nas ta ce kukan nan shi ne aikinta. Ya ce ba da ita yake magana ba, ya fita yana latsa waya.

Mataimakin shugaban asibitin abokin karatunsa ne. Ashe akwai sabuwar na'ura guda da aka ba asibitin kyauta, tana ajiye a ɗakin da ake kai manyan baƙi su ga ci gaba. Ba a taɓa sa wa kowa ita ba. Kafin awa ɗaya ta cika aka turo ta.

Tun tana baranda muka jiyo ta, tit, tit, tit, a natse, ba gaggawa.

"Kun ji muryar sabon abu," in ji Yaya.

Nas ta cire wayoyin tsohuwar ta liƙa na sabuwar, ta ba gilashin baya, ana ta ƙwala mata kira daga gado na ashirin. Ta gama, ta waiga, ta ɗan tsaya, ta rubuta abin da ta gani a takardar awo, ta wuce da sauri. Gilashi fes, faɗinsa kamar talabijin, an liƙa masa farar takarda mai lambar kayan asibiti a can sama. Koren layi yana tafiya yana tsalle daidai wa daida. Bugun zuciya sittin. Iskar jini casa'in da takwas. Awon jini ɗari da ashirin bisa tamanin.

Yaya ya ce, "Umma, kin gani? Ba Baba ne ba shi da lafiya ba. Na'urarsu ce."

Aka tura tsohuwar sito tana kuka har aka zare ta daga wuta. Ɗakin ya yi tsit. Har daga gado na sha biyar aka ɗago hannu ana yi wa Yaya godiya.

Ni aka ba aikin rubutu. Duk awa in kwafe lambobin a littafi, in ɗauki hoton gilashin in tura guruf ɗin dangi na waya. Mutum arba'in da uku ne a ciki. Ina turawa sai hamdala ta yi ta zubowa. Wata goggonmu ta ce ita ma da za a sa mata na'urar nan ko na yini ɗaya ne da ta warke.

Ranar Talata likita ya zo zagaye. Saurayi ne, idanunsa sun yi ja, ɗaki biyu yake riƙe da su ban da masu jira a waje. Ya duba takardar awo, ya duba gilashin, ya ce ashe maganin ne, kuma bai taɓa ganin zuciya ta dawo da wuri haka ba. Ya miƙa hannu zai kama wuyan hannun Baba, wayarsa ta yi ƙara. Daga ɗakin gaggawa ne. Ya ce mu ci gaba da abin da muke yi, ya tafi. Minti uku ya yi a gadonmu, na duba.

Kowa ya zo dubiya na'urar yake fara gaisarwa. Su tsaya su kalle ta, su jinjina kai, sannan su ce wa Baba ya jiki. Baba yawanci barci yake. In ya farka ya sha shayi rabin kofi, ya koma. Sau biyu muka kama shi zuwa bayi, sau biyu ya tsaya ya dafa bango ya ce an kashe fitila ne? Da rana tsaka.

Umma ce kaɗai ba ta kallon gilashin. Kujerarta tana fuskantar Baba ne, kuma ba ta juya ta ba. Tela ce, shekara arba'in tana taka keke, kunnenta ya san lokacin da zare ya fara tsallake. Ta riƙe hannun Baba don ta ce yana da sanyi, ta yini tana murza shi. Da yamma, Yaya yana ɓare lemo, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Ita tana ƙara biyu, shi yana bugawa ɗaya."

Yaya ya tambaye ta me take nufi. Ta ce abin da ta faɗa. Abar nan ta ce tit, tit, sannan ta ji jijiyar Malam ta motsa sau ɗaya a ƙarƙashin yatsanta. Tun jiya haka ne.

Yaya ya ajiye lemon ya yi mata bayani. Zuciya hawa biyu ce, sama da ƙasa. Na'ura tana jin duka biyun, yatsa kuwa ɗaya yake ji. Ya ce gani ya kori ji, ga shi a rubuce. Ya juyo ya ce ko ba haka ba, Malama? Na ce da alama haka ne. A aji kullum ina gaya wa yara kada su yarda da amsa sai sun gwada ta ta wata hanyar. Hannun Baba taku ɗaya ne daga inda nake zaune, ga agogo a hannuna. Ƙarfe shida ta yi, na rubuta sittin.

Umma ta ce kuma ɗamarar nan ba ta matse shi. Waccan tsohuwar duk awa sai ta kumbura har ya yi tsaki. Yaya ya ce wannan shi ne zamani, ana awo ba a azabtar da mutum.

Ranar Laraba da hantsi direban gado na shida ya roƙi alfarma. Awonsa kullum ɗari da tamanin, nas ta hana shi gishiri, matarsa ta bi bayan nas. Ya ce tunda na'urar asibiti maƙaryaciya ce, a ara masa ta gaskiyar ko minti biyu. Yaya da kansa ya kwance ɗamarar daga damtsen Baba ya ɗaura masa, ya maƙala masa matsin. Ɗari da ashirin bisa tamanin. Bugu sittin. Direba ya yi dariya har da hawaye. Ya kira matarsa ya ce in za ta zo ta sa gishiri kamar yadda ake sa wa mutane.

Na ce wa Yaya abin mamaki, lambobinsu iri ɗaya sak.

Ya ce, "Lafiya ai iri ɗaya ce, Malama. Ciwo ne kala-kala."

Na ga maganar ta yi ma'ana. Har na tura ta guruf.

Bayan azahar Baba ya farka da ɗan ƙarfi, ya ce a ba shi tabarau. Shekara talatin da takwas ya yi a gidan ruwa, a ɗakin injina, gaban allon geji goma sha biyu, kowanne da allurarsa mai nuna awo. Muna yara ya sha kai mu. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa gilashin da farce. Yanzu ya sa tabarau ya zuba wa sabuwar na'urar ido, ya daɗe. Sannan ya ce in karanta masa littafina.

Na fara daga Litinin ƙarfe biyar. Sittin. Sittin. Sittin. Ya ce da ya yi tari fa jiya, har ya ji kamar ƙirjinsa zai tsage? Na duba. Sittin. Da yana barci? Sittin. Da ya dawo daga bayi?

"Sittin, Baba."

Ya cire tabarau ya miƙa wa Umma.

"Allurar da ba ta rawa," in ji shi, "ko ta mutu, ko ƙarya take yi."

Yaya ya yi dariya ta girmamawa. Ya ce Baba, zamanin allura ya wuce, wannan kwamfuta ce a cikinta. Baba ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya ga abin zai ɗauki numfashi da yawa. Ya rufe ido.

Da la'asar likita ya leƙo. Ya ce kwana biyu cur zuciya tana kan sittin, ba dalilin a yanka mutum. Gobe da safe zai sallame mu, ya kuma ce wa asibitin zuciya su ba wani gadon, akwai masu buƙata. Umma ta miƙe tsaye, abin da ba ta yi wa kowa a ɗakin ba. Ta ce likita, mutumin nan ba ya taku goma duhu bai rufe masa ido ba. Likita ya ce kwanciya ce ta kashe masa jiki, in ya koma gida ya motsa zai warware. Ta ce a bar gadon dai har sha biyu, tunda har sha biyu aka ba mu. Ya ce Mama, in ya riƙe gadon da ba ya buƙata, wani ne zai kwana a ƙasa. Gaskiya ya faɗa.

Da ya tafi Yaya ya ce wa Umma ta daina kunyata mu gaban ma'aikata. Mutane sun yi shekara bakwai suna karatu.

Ta ce, "Ni shekara arba'in da huɗu nake karanta wannan."

Ya ce ba a musu da kimiyya. Ta koma kujerarta ta kama hannun.

Tun safiyar ranar Yaya ya rubuta takardar ƙorafi a kan doguwar nas. Ya karanta mini. Ba ta zuwa in an kira, ba ta yin abu lokacin da aka ce ta yi, sai an faɗa sau uku. Ya ce zai miƙa wa abokinsa in za mu fita, don na baya su amfana. Ya ninke ta ya sa a aljihun kwat.

Alhamis ƙarfe tara likita ya sa hannu a takardar sallama. Ya ce wa nas ta buga wa asibitin zuciya yanzu, ta ce su saki gadon. Ta ce to. Ya wuce wurin masu jira. Yaya ya tafi kawo mota kusa da ƙofa, da kuma yi wa abokinsa godiya.

Goma saura nas ta zo ta ɓamɓare wayoyin daga ƙirjin Baba, ta zare matsin, ta kwance ɗamarar, ta zube su a kan katifa. Ta kai hannu za ta kashe na'urar, wani ya yi ihu daga ƙarshen ɗaki cewa ruwan da ake ƙara wa ƙanensa ya ƙare, jini yana hawa robar. Ta ruga.

Baba yana zaune a bakin gado, Umma tana sa masa riga. Ni ina haɗa kwanuka. Agogona ya nuna goma. Kwana uku ina yin abu ɗaya duk awa, hannuna ya saba. Na ɗauki littafi, na dubi gilashin, na rubuta sittin, casa'in da takwas, ɗari da ashirin bisa tamanin. Na ɗauki hoto na tura, na rubuta a ƙasa: na ƙarshe, muna hanyar gida. Hamdala ta fara shigowa.

Umma tana kallona. Ta gama ɓalla maɓallin wuyan Baba, ta ɗauki ƙaramin cokalin shayi daga cikin kofi, ta goge shi da gefen mayafinta, ta ɗauki matsin daga kan katifa ta maƙala masa. Ta ɗaga shi sama. Tit, tit, tit.

"Rubuta, Malama. Cokali ma sittin."

Na dubi cokalin. Na dubi wayoyi uku a zube a kan zanen gado, bakinsu yana kallon rufi. Koren layin yana tsallensa. Na tuna ƙarar da muka jiyo tun daga baranda ranar Litinin, lokacin da ba kowa a jikinta sai mai turo ta.

Na kama wuyan hannun Baba na dubi agogo. Na ƙirga minti ɗaya cif. Na sake ƙirgawa, don ko yaro ba na karɓar amsarsa ta farko. Talatin da ɗaya. Talatin.

Direban gado na shida ya ajiye abin da yake ci.

Yaya ya shigo yana kaɗa makulli. Na nuna masa cokalin. Ya ce na'urorin zamani suna riƙe awon ƙarshe a ƙwaƙwalwarsu, haka aka ƙera su. Na ce na ƙirga da hannuna, talatin. Ya ce ni likita ce? An riga an sa hannu, mota tana inda aka hana ajiyewa, mu tashi. Baba ba ya son a yi faɗa a kansa, bai taɓa so ba. Ya ce ya isa, bari ya tashi. Ya miƙe, ya yi taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ya tafi gaba ɗaya. Umma ta riga ta tsaya a inda zai faɗo, kamar ta auna wurin da tef.

Muka mayar da shi gado. Nas ta zo da gudu, ta kama hannunsa, ba ta ko dubi sabuwar na'urar ba. Ta aika a kira likita, ita kuma ta tafi sito. Sai ga ta tana turo tsohuwar, filasta da tsaga da komai. Ta liƙa wayoyi, ta kunna. Kukan ya cika ɗakin. Ashirin da tara, ja wur. Talatin da ɗaya. Ashirin da takwas.

Yaya ya ce a rage mata murya, tana tayar wa Baba da hankali.

Umma ta ce a bar ta ta yi.

Likita ya iso yana haki. Ya dubi tsohuwar, ya dubi sabuwar da cokali ke reto a jikinta, ya kama hannun Baba, wannan karon har ƙarshe. Ya ba da umarnin allura, nas ta yi. Sannan ya matsa gaban sabuwar ya sa farce ya ɓare farar takardar da ke sama. A ƙarƙashinta akwai wani rubutu yana walƙiya, yana ɗaukewa yana dawowa. Ya karanta mana. Na'urar tana kan tsarin nuni ne, wanda masu sayarwa ke sa ta don a ga yadda take aiki. Lambobin ba na kowa ba ne. Tun ranar da aka kawo ta take haka a ɗakin baƙi, jone da wuta, tana buga wa kujeru sittin. Da aka zare ta batir ya riƙe ta har gadonmu. Mai liƙa lambar kaya ya sami wuri mai kyau a sama ya liƙa.

Baba ya buɗe ido ya tambaya ko mun iso gida.

Likita ya dubi agogon bango. Sha ɗaya da minti goma. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya tambayi nas ƙarfe nawa ta buga musu, ko akwai yiwuwar ba su riga sun kira na gaba ba. Daga muryarsa na gane ya san amsar, gado ba ya awa biyu a banza a can.

Nas ta dubi takalminta. Ta ce wankin ciwo biyu ta yi, ga ruwan gado na ashirin da biyar, ga na sha tara da ya yi amai, abokiyar aikinta kuma ta raka wani ɗakin hoto.

"Ban samu na buga ba, likita."

Ya kalle ta. Sannan ya ciro wayarsa. Muna jin ƙarar shiga. Aka ɗauka. Gadon yana nan, in ji su, da sunanmu a jiki, har sha biyu kamar yadda aka yi. Minti ɗaya ba za su ƙara ba, na gaba yana zaune a baranda da jakarsa.

Motar asibiti ba ta da na'urar awo, sai aka saka tsohuwar a ciki, aka jona ta da wutar motar, aka ɗaure ta da bandeji a jikin kujera. Ni da Umma muka shiga baya. Yaya ya bi mu da motarsa yana hon. Na'urar ta yi kuka tun daga ƙofar asibiti har wancan gefen gari, duk rami sai ta ƙara. Umma ta dafa ta da hannu ɗaya kada ta faɗi, ɗayan hannun yana kan na Baba. Ta ce yanzu bakinsu ɗaya, ita ɗaya, shi ɗaya. Sha biyu saura minti shida muka shiga. Mutumin da ke baranda da jakarsa ya bi mu da ido. Ban iya kallonsa ba.

Ranar Juma'a da safe aka dasa wa Baba injin, a ƙarƙashin ƙashin wuyansa na hagu. Aikin bai kai awa biyu ba. Likitar can, wata mace mai furfura, ta ce da ya koma gida haka, wata faɗuwar ba lallai ya tashi ba. Ta faɗa tana rubutu, ba ta ɗago ba. Ta ce sun saita injin yadda zuciyar ba za ta sake sauka ƙasa da sittin ba. In ta yi nawa, shi zai buga mata.

Aka fito da shi aka jona masa na'urarsu. Muka tsaya mu uku muna kallo. Sittin. Muka jira. Sittin.

Yaya ya ɗauki hoto ya tura guruf da kansa. Ya rubuta cewa dama tun Litinin na'urar da ya samo ta faɗi inda za a je, kwana huɗu ta riga likitoci. Goggonmu ta ce ai ita ta san abar mai albarka ce. Auta, da na riga na ba ta labari a waya, ta turo hoton cokali kawai. Takardar ƙorafin tana nan a aljihun kwat, na ga bakinta. Bai miƙa ba, bai kuma yaga ba.

Na ji daga baya an mayar da sabuwar ɗakin baƙi. Direban gado na shida ya koma ɗari da tamanin, aka sake hana shi gishiri. Ya aiko mana da gaisuwa, ya ce a gaya wa Umma ta cuce shi.

Baba ya farka da yamma ya ce a ba shi tabarau. Ya kalli gilashin. Ya yi tari da gangan, a hankali saboda ɗinkin. Sittin. Ya miƙa yatsa zai ƙwanƙwasa, hannunsa bai kai ba. Ya tambaye ni wa ke yi wa abin cikin ƙirjinsa sabis, kuma duk wata nawa. Na ce zan tambayo.

Umma ta riƙe wuyan hannunsa ta karkata kai tana saurare. Ta daɗe. Ta ce ɗaya ne da ɗaya, amma ta ci gaba da harar gilashin. Can sai ta kai hannu ta zare matsin daga yatsansa. Layin ƙasa ya kwanta, lambar ta ɓace, na'urar ta fasa kuka. Nas biyu suka shigo da gudu. Umma ta mayar da matsin, ta gyara mayafinta, ta ce su yi haƙuri, hannunta ne ya taɓa.

Kwana biyar muka yi a can. Kullum da safe hannunta yana taɓawa.